Ɗaki, ɗumi da ƙarin abinci: yadda za ku raya ƴan zabinku da damana



Da zarar damana ta kama, zabi kan fara ƙwai a gindin geza da sabara. Ba a jimawa sai a ga kaji sun fito da ƴan zabi a bayansu. Kowa ya san abin da ke biyowa. A sa wa kaza ƙwai 20, ta ƙyanƙyashe 15, kafin wata guda a duba a ga saura 4 ko 5. Wani ya ce baki ne, wani ya ce iska ce, wani kuma ya ce haka ɗan zabo yake, ba shi da ƙwari. Amma in kun lura da kyau, abu uku ne ke kashe mafi yawansu: jiƙa, sanyi, da abincin da bai cika ba. Dukan ukun kuna da maganinsu a gida, ba sai kun kashe kuɗi mai yawa ba.

Zabo kuɗi ne. Ƙwansa na da masaya a Tunfafi da Tamaske da Ibohaman, namansa ya fi na kaza tsada, kuma shi ne ake kamawa a kai kasuwa ranar da aka rasa kuɗin magani ko na cefane. Kowane ɗan zabo da ya mutu, kuɗin kaka ne ya zube.

WANI KIWO DA BA KU SABA JI BA

Kafin mu shiga akurki, ku bari mu ba ku labarin wani kiwo. A Faransa da Ingila da Amurka da Japan akwai mutane masu kiwon tsaka a cikin ɗaki, kamar yadda yaranmu ke kiwon tantabara. Ba irin tsakar bangonmu ba ce. Wata iri ce mai jiki rawaya da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, shi ya sa ake ce da ita tsaka mai zanen damisa. Asalinta daga ƙasashe masu duwatsu da ƙarancin ruwa ne: Afganistan, Pakistan, Iran da arewacin Indiya. Wani Bature masanin dabbobi, Edward Blyth, shi ya rubuta bayaninta a shekarar 1854. Tsawonta kamar taƙi guda ne, wajen santimetir 20 zuwa 25. Tana da fatar ido, tana rufe idonta, ba ta hawa bango, kuma tana tara kitse a wutsiya kamar tunkiya mai lafiya. Tana da ƴar'uwa a nan Afirka ta yamma, mai kaurin wutsiya, wadda ƴan kasuwa ke fitarwa daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai.

In an kula da ita, wannan ƴar dabba tana kai shekara 15 har 20 a hannun mai ita. In ba a kula ba, cikin ƴan watanni take lalacewa. Masu kiwonta sun yi ta gwadawa, suna aunawa, suna rubutawa, har suka gano abin da take so. Ga shi a taƙaice.

Ana sa ta cikin akwatin gilashi mai tsawon santimetir 60 zuwa 90. A ciki akan yi mata maɓoya uku: ɗaya wajen ɗumi, ɗaya wajen sanyi, ɗaya mai ɗan laima don ta ji daɗin saɓa. Ba a ɗumama akwatin duka. Gefe ɗaya akan kai shi wajen digiri 32, ɗaya gefen a bar shi wajen digiri 25, ita ta zaɓi inda jikinta ke so. Abincinta ƙwari ne masu rai, gyare da tsutsa. Amma kafin a ba ta, sai an barbaɗa wa ƙwarin wani farin gari mai gina ƙashi, wanda likitoci ke kira kalsiyom. In an daina barbaɗawa, haɓarta ta yi laushi, ƙafafunta su tanƙware, ta kasa kama abinci. Zafi ma har cikin ƙwanta yake aiki: ƙwan da ya kwanta a wajen digiri 26 mata yake fitarwa, wanda ya kwanta a wajen digiri 32 kuwa galibi maza ne.

Ba muna cewa ku shiga kiwon tsaka ba. Kuma kada wani yaro ya ji wannan ya faɗa daji yana kamun ƙadangaru da damo don sayarwa: dokar farauta ta shekarar 1998 ta sa kamun namun daji a ƙarƙashin izinin ma'aikatan gandun daji. Abin da muke so ku ɗauka shi ne darasin. Hausawa na cewa albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Yau albarkacin tsaka ne ɗan zabo zai sha ɗumi.

INA HAƊIN TSAKA DA ƊAN ZABO?

Ku dubi ƙadangare da safe. Yana kwance bisa katanga, ya baje cikinsa ga rana, ba ya motsi sai ya ɗumu. Tsaka da ƙadangare da damo jikinsu ba ya haifar da zafi, daga waje suke aro shi. Babban zabo ba haka yake ba. Jikinsa na da zafi fiye da na mutum, ya wuce digiri 40, kuma gashinsa na riƙe zafin kamar bargo.

To, ɗan zabo da ya fito daga ƙwai yana tsakanin biyu. Tsuntsu ne, amma a makonnin farko jikinsa bai iya riƙe zafi ba tukuna. Ɗan gashin da ke jikinsa, da raɓa ta taɓa shi sai ya manne. Shi ma aron zafi yake yi, daga cikin kaza ko daga rana. Ga shi kuma, kamar tsaka, ƙwari ne abincinsa na farko a daji. Saboda haka abu ukun nan da masu tsaka suka gano, su ne ɗan zabo ke so har ya yi mako 6, lokacin da gashinsa ya cika: ɗaki, ɗumi, da ƙarin abinci.

NA FARKO: ƊAKI

Kaza ba ta san raɓa ba. Da asuba take fita kiwo, ta ratsa ciyawa, ƴan zabi na binta a guje. Ita ƙafarta kawai ta jiƙe, su kuwa har wuya. Zabuwa ta fi ta muni wajen wannan, don ba ta waiwayen na baya. Don haka doka ta farko ita ce: uwa da ƴaƴa a tsare su wuri ɗaya. Kada a sake su.

Ku gina ɗan ɗaki da laka, ko ku gyara tsohon akurki. Ga kaza ɗaya da ƴan zabi 15 zuwa 20, metir 2 a tsaye da metir 1 a kwance ya isa. Ku kula da waɗannan:

1. Daɓe ya ɗara ƙasar waje da taƙi guda, don kada ruwa ya kwararo ciki. Ku mutanen fadamar Majiya da ta Tarka, inda ƙasa ke riƙe laima, ku ƙara tudun, ku shimfiɗa tsakuwa a ƙasa kafin ku daɓe.

2. Ƙofa kada ta dubi gabas, don daga can hadari da iskarsa ke zuwa. Ku da ke bisa duwatsun Buza da Keita, inda iska ba ta da mai tare ta, ku kafa zana a wajen gabas. Kun ga layukan bedi da aka fara dasawa a Majiya tun shekarar 1975, yadda suke tare wa hatsi iska. Aikin zanar ke nan.

3. Rufi na kara da ciyawa ya fi na kwano. Kwano da rana tanda ne, da dare kuma sanyi gare shi. Ku tabbata ba ya yoyo.

4. Ku bar ƴan ƙananan tagogi a sama, kusa da rufi, don iska ta fita. A ƙasa kuwa kada ku bar ko rami ɗaya. Inda ɗan yatsa biyu suka shiga, kusu zai shiga, maciji ma haka. Gafiya da tunku da muzuru kuwa ƙofa mai ƙarfi ce maganinsu.

5. Ku shimfiɗa busasshen ƙaiƙayi ko ɓawon gujiya, kaurin yatsa uku. A kwana 4 na farko ku rufe shimfiɗar da tsohon buhun algarara ko tsumma. Dalili biyu ne. Ɗan zabo bai san abinci ba tukuna, sai ya cika cikinsa da ƙaiƙayi ya toshe. Masu tsaka ma sun ga irin wannan: ƙaramar tsakar da aka ɗora bisa yashi takan haɗiye shi, hanjinta ya toshe. Dalili na biyu, ƙafar ɗan zabo ba ta da ƙarfi. In ƙasa na santsi, kamar leda ko takarda, sai ƙafafun su baje, ba zai ƙara tsayuwa daidai ba.

6. A gaban ɗakin ku kewaye ɗan fili da zana ko waya, ku share ciyawarsa, ku rufe samansa da ƙaya ko tsohuwar raga saboda shirwa da shaho. Nan za su sha rana.

Kafin ku sa su, ku share ɗakin, ku liƙe tsagar bango da laka, ku watsa toka a kusurwoyi. Cikin tsagar bango ne kaskar kaji ke ɓoyewa da rana, ta fito da dare ta sha jini.

NA BIYU: ƊUMI

Mutane da yawa na cewa ƙasarmu zafi gare ta, ina ɗan zabo zai ji sanyi? Ku ji lissafin. A makon farko ɗan zabo yana son wajen kwanansa ya kai digiri 35. A mako na 2, digiri 32. A na 3, digiri 29. A na 4, digiri 26. Kowane mako ana rage 3. Amma da dare a watan Agusta, a nan Adar, zafi kan sauka ƙasa da digiri 25, in an yi ruwa da iska kuwa ya fi haka sauka. Abin da ku kuke ji daɗin barci, shi a wurinsa ɗari ne.

In akwai kaza, ita ce wutar. Sai dai kaza ɗaya iyakarta ke nan. A makon farko tana rufe 15, amma da sun fara girma sai na gefe su rasa wuri, su kwana a waje. Su ne kuke tararwa da safe sun sandare. Don haka ko da uwa, ku tanadi abin ɗumi don daren da aka yi ruwa. In kuwa kun haɗa ƙyanƙyasar kaji biyu ko uku, ko uwar ta mutu, to ɗumi ya zama tilas kowane dare.

Ga hanyoyin da kuke iyawa:

Kasko da garwashi. Ku hura gawayi a waje, ku jira har ya daina hayaƙi ya yi ja. Ku zuba a kasko, ku rufe shi da toka kaɗan don ya daɗe. Ku kife tsohuwar tukunya mai huji-huji a kansa. Ku ɗora bisa duwatsu, ku share ƙaiƙayin da ke kewaye, taƙi guda ta kowane gefe, saboda gobara.

Fitilar kananzir. Ku rataye ta ko ku kafa ta da duwatsu yadda kaza ba za ta ture ba. Ku gyara lagwani kada ta yi baƙin hayaƙi. Ku sani fa, fitilar batir da ta hasken rana da suka cika kasuwa yanzu haske kawai suke bayarwa. Ku sa hannu ku ji, ba su da ɗumi.

Dutse ko ruwan zafi. Ku gasa dutse a murhu bayan an sauke tuwo, ku naɗe shi da tsumma. Ko ku cika jarka da ruwan zafi, ku toshe ta sosai, ku naɗe. Wannan ba ya kawo gobara, sai dai yakan huce kafin asuba.

Akwatin ciyawa. A Jimma ta ƙasar Habasha malaman gona sun fito da wani akwati mai bango biyu, ana cusa busasshiyar ciyawa a tsakani. Ƴan tsaki na kwana a ciki, zafin jikinsu ya taru ya ɗumama su. Ku ma kuna iya sa ƙaramin kwando cikin babba, ku cusa ciyawa tsakani, ku rufe da tsumma mai fitar da iska. Ya fi amfani daga mako na 2 zuwa gaba.

Yanzu ga babban darasin masu tsaka. Kada ku ɗumama ɗakin duka. Ku sa kaskon a gefe ɗaya, ku bar ɗaya gefen da sanyinsa, can za ku ajiye ruwa. Wanda ya ji sanyi ya matso, wanda ya ji zafi ya ja baya. Ɗan zabo ya fi ku sanin abin da jikinsa ke so, in dai kun ba shi zaɓi.

Ba ku da ma'aunin zafi? Su kansu ƴan zabin ma'auni ne. In sun dunƙule wuri ɗaya suna hawan juna, suna kuka mai tsini, sanyi suke ji. In sun gudu jikin bango, baki buɗe, fukafukai a saki, zafi ya yi yawa. In duka sun koma kusurwa ɗaya, iska ce ke shigowa ta wani rami, ku nemo shi. In sun bazu ko'ina, wasu na ci, wasu na barci, kukansu a hankali, to kun dace.

Gargaɗi mai girma: garwashi na fitar da wata iska marar launi, marar wari, mai kisa. Kada ku toshe tagogin sama don tausayin ƴan zabi. Kuma kada ku shigo da kaskon ɗakin da mutane ke kwana ku rufe ƙofa. Ciwon kai da jiri da amai su ne alamunta. Wanda ya ji haka a fitar da shi waje nan take, a kai shi likita.

In ruwa ya riga ya doke su, kada ku yanke ƙauna. Ɗan zabon da ya sandare sau da yawa da sauran rai. Ku goge shi da busasshen tsumma, ku sa shi cikin ƙwarya da tsumma kusa da ɗumi, ba bisa wuta ba. Sai ya miƙe da kansa sannan ku ba shi ruwa. Kada ku ɗura masa, zai shaƙe.

NA UKU: ABINCI DA ƘARIN ABINCI

Ranar farko ba ya bukatar abinci da yawa, don da sauran gwaiduwa a cikinsa. Ruwa ne ya fi so. Ku sa cokali babba ɗaya na sukari cikin litir ɗaya na ruwa mai tsabta, na rijiya ko na famfo, ba na tabki ba. Ku zuba a faranti marar zurfi, ku cika farantin da tsakuwa. Ɗan zabo na nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba, in bai nutse ba ma ya jiƙe. Daga rana ta 2 ruwa zalla, a sake shi safe da yamma.

Ɓarzajjen hatsi kaɗai bai isa ba. Abin da ke gina tsoka da gashi, cikin kashi 100 na hatsi kashi 10 zuwa 12 ne kawai. Ɗan zabo kuwa yana son kashi 24 ko fiye, ya ɗara abin da ɗan tsako ke so. Shi ya sa za ku ga cikinsa cike amma yana ramewa, fukafukai na jan ƙasa.

Ku ɗauki gwangwanin tumatir ƙarami ya zama mudunku, ku haɗa:

hatsi ko masara, ɓarzajje: gwangwani 5
tunkuzar gujiya, busasshiya, dakakkiya: gwangwani 2
wake soyayye, dakakke: gwangwani 1
garin busasshen kifi, ko kai da ƙayar da ake zubarwa: gwangwani 1
dussa: gwangwani 1

Ya zama 10. A kan wannan ku ƙara cokali babba ɗaya na garin ƙashi, da cokali babba ɗaya na garin busasshen ganyen zogale, da ɗan gishiri abin da yatsa uku suka tsunkula. In kifin mai gishiri ne, ku bar gishirin, yawansa na kashe su. Wake sai an soya, ɗanye yana hana abinci narkewa. Jar dawa ku bar wa manya. Ku ba su kaɗan-kaɗan, sau 4 ko 5 a yini, bisa faifai ko murfin kwano.

Ku shinshina tunkuza kafin ku daka. In ta yi fumfuna ko tana warin ruma, ku zubar inda dabba ba za ta kai ba. A shekarar 1960, a Ingila, ƴan talotalo fiye da 100.000 suka mutu saboda tunkuzar gujiya mai fumfuna da aka kawo daga Barazil. Daga nan ne aka gano dafin da fumfuna ke sawa a gujiya da masara. Da damana abinci na saurin ruma, don haka kada ku haɗa fiye da na mako guda.

Gara. Wannan shi ne naman ɗan zabo, kuma kyauta ne. Ku sami tsohuwar tukunya, ku cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara da tsumma, ku yayyafa ruwa. Da yamma ku kife ta bisa hanyar gara, nesa da rumbu da ɗaki, ku rufe ta da ganye. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi garar ta koma ƙasa, ku ɗauko ku kakkaɓe musu. In kuna da tukwane 3 ko 4 kuna juyawa, kullum akwai. Ku tsince zago masu manyan kai, don suna cizon maƙogwaron ƙananan. Kuma kada ku ɗebi gara ko fara daga wurin da aka zuba maganin ƙwari, ko gonar albasar da aka yi wa feshi.

Garin ƙashi. Ƙwari na gina tsoka, amma ba su da ƙashi a jikinsu, abin da ke gina ƙashi kaɗan ne a cikinsu. Hatsi ma haka. Ɗan zabon da ke girma da sauri bisa gara da hatsi, ƙashinsa ba ya bin jikinsa. Sai ku ga gwiwa ta kumbura, ƙafa ta karkace, baki ya yi laushi, yana tafiya yana zama. Cutar nan ce ta tsakar Turawa. Maganin ma ɗaya ne. Ku tara ƙasusuwa daga wurin mahauta, ku ƙone su har su yi fari, ku daka, ku tankaɗe. Bayan wanda kuka sa cikin haɗin, duk sanda za ku ba da gara ku barbaɗa mata ɗan garin, kamar yadda ake barbaɗa yaji bisa tsire. Ɓawon ƙwai ma in an gasa an daka yana da amfani, amma ya fi dacewa da zabi masu ƙwai. Ga ƙanana ƙashi ya fi. Kada ku wuce awo, kuma kada ku ba su abincin kanti na kaji masu ƙwai: abin ƙashin da ke cikinsa ya yi musu yawa, yana ɓata ƙoda.

Rana. Garin ƙashi ba ya shiga jiki sai da wani bitamin da ake kira D, kuma fatar jiki ce ke yin sa in hasken rana ya taɓa ta. Masu tsaka a Turai saye suke yi, ko su sa fitila ta musamman. Ku Allah ya ba ku kyauta. Daga kwana na 4, in raɓa ta bushe, wajen hantsi, ku buɗe musu su fita ɗan filin nan. Ku bar musu inuwa a gefe ɗaya. Da kun ga hadari ya haɗu, ko la'asar ta yi, ku mayar da su. Ku sa yaro ɗaya ya zama wannan ne aikinsa ranar da kuke gona.

Ku ajiye musu kuma ɗan yashi mai tsabta a wani murfi daga mako na 2. Tsuntsu ba shi da haƙori, da tsakuwa ƙundunsa ke niƙa.

TSABTA DA LIKITA

Shimfiɗar da ta jiƙe ku kwashe ta ran nan, ku kai gona, taki ce mai kyau. Laima da kashi su ke kawo zawo, har da mai jini. Ku wanke faranti kullum. Kada manyan kaji da agwagi su shiga wurin ƙanana. Kazar da kuka sayo daga kasuwa ku ware ta mako 2 kafin ta haɗu da na gida.

Tsutsar ciki na damun zabi ƙwarai da damana. In sun kai mako 3 zuwa 4, ku je ma'aikatar kiwo ko wurin mataimakin likitan dabbobi na yankinku, ku nemi maganin tsutsa na zabi, ku tambayi awo. Ku tambayi kuma rigakafin annobar kaji, wadda ake kira Niyukasil, sunan garin Ingila da aka gan ta a shekarar 1926. Ba ta da magani in ta shiga, sai rigakafi, kuma ana maimaita shi. Kada ku buɗe kafso na mutane ku zuba a ruwa ba da awo ba. In kuka ga kaji da zabi na mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ku ci, kada ku sayar, ku sanar da ma'aikatar kiwo. Kun tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a shekarar 2006.

Duk wanda ya taɓa ƴan zabi ko ya share akurki ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, yara musamman. Masu tsaka ma haka suke yi, don kashin tsuntsu da na ƙadangare na ɗauke da ƙwayar cutar zawo. Ita kuwa tsakar bangonmu, ba ta da dafi. Sauro da malam-buɗe-littafin dare take kamawa kusa da fitila. Ku dai rufe abinci da randa, kamar yadda kuke rufewa saboda ƙuda.

In sun cika mako 6 zuwa 8, gashi ya rufe jiki, kuna iya sakinsu bayan raɓa ta bushe. Ku riƙa watsa musu ɗan hatsi kowace yamma a bakin ɗakinsu, don su saba da dawowa gida, kada su koma kwana bisa itace.

ALƘALAMINKU MA KAYAN AIKI NE

Ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai biya ku. Ku ware shafi ɗaya a littafinku. Ku rubuta ranar da kuka sa wa kaza ƙwai, da yawansu. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28. Ku ƙirga, ku rubuta ranar fitowa. Mako guda kafin ranar, ɗaki ya zama a gyare, garin ƙashi a dake, tukwanen gara a kife. Bayan sun fito, kowace Juma'a ku rubuta nawa suka rage. In wani ya mutu ku rubuta abin da ya faru a daren: an yi ruwa, ko wuta ta mutu, ko zawo ne. Kafin kaka littafin zai nuna muku inda ɓarnar take.

Ku gwada da kaza ɗaya bana. Ɗaya ku tsare ta yadda muka faɗa, ɗaya ku bar ta yadda kuka saba, ku ƙirga na kowace in sun yi wata 2. Ku kawo lissafin wurin taron masu sauraron rediyo na garinku, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, mata da maza. Wanda ke da tambaya ya ba malamin gona na yankinsa takarda, za mu amsa a shirinmu.

Allah ya ba mu damana mai albarka.